Gorar da Hajiya Memuna Ke Rataye Zane

A duk shekarun da na yi ina koyarwa, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da wata tsohuwa a unguwar Zongo, nan Kwatano, ta kore ni daga ɗakinta saboda na zaro metir ɗin awo daga jaka. Ku da kuka shigo sashen nan kwanan nan kuna ta yi mini ƙorafi wai tsofaffi ba sa ba ku haɗin kai, wai suna yi muku ƙarya. Eh mana, suna yi. Ku gyara zama in gaya muku dalili.

Lokacin ina asistan, wato matakin farko na malamin jami'a, ina kuma rubuta tez, kundin binciken neman digirin doktora. Ga wanda bai san fanninmu ba, aikinmu tsara cikin ɗaki ne yadda tsoho zai zauna lafiya, da kayan da ƙasar nan ke bayarwa: gora, kaba, tsohon katako, haske da iskar da ba sa jiran kuran, wato wutar lantarki. Ƙa'ida ita ce mai tez ya nemo gida na gaske, ya auna, ya gyara, ya bibiyi mai ɗakin damina da rani, sannan ya tsaya gaban alƙalan jami'a ya kare aikinsa a bainar jama'a. Farfesan da ke duba aikina, mutumin kirki ne amma ko sannu bai sani ba da Hausa, ya ce mini, "Ke ai 'yar Zongo ce, can za ki samu cikin sauƙi." Sauƙi! A Zongo aka haife ni, amma tun ina ƙarama muka koma unguwar Akpakpa, can ƙetaren gada. Gidan da na shiga duk, a ba ni ruwa, a sa mini albarka, a rako ni ƙofa.

Ana nan sai ga wani mutum har biro, wato ofishina. Ya ce sunansa Alhaji Salifu, yana harkar fito da motoci daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa. Mahaifiyarsa, Hajiya Memuna, tana zaune a gidan gado a Zongo, ita da 'yan haya, tun rasuwar mahaifinsa. Ya ji labarin aikina, ga ɗaki, kuma duk abin da gyaran zai ci shi zai ɗauka. Na yi murna, ba zan ɓoye muku ba, amma murnar ba ta kai ciki ba. Wayoyinsa sai ƙara suke yana kashewa. Mutum irin wannan ya bar tasha da safe don tez ɗin wata malama? Kuma kafin ya fita sai da ya maimaita tambaya ɗaya: "Malama, in kin gama dubawa, za ki iya faɗin ra'ayinki a gaban dangi ko?" Na ce in sha Allahu. Na bi bayansa da kallo har ya sauka bene.

Wajen watan uku ne, babbar damina na ƙaratowa. Ɗakin Hajiya shi ne na gaba, bangonsa ɗaya na kallon titi, ɗaya na jikin zaure. Kun san yadda muke yi a Kwatano saboda ambaliya: an ɗaga dokin ƙofa da siminti har ya kusa ƙwauri, sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka shiga. A ciki an shimfiɗa karo fari mai sheƙi, irin tayil ɗin da in ɗigon alwala ya taɓa shi ya zama santsi. Taga ɗaya ce, ƙarama, an jingina akwatuna a gabanta. A kusurwa an ɗaura igiya, zannuwa sun yi mata nauyi har ta lanƙwashe.

Hajiya na zaune bakin gado, siririya, idanunta tar. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambaye ni 'yar gidan wa ce, na faɗa, ta bi dangina ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga kakata mai saida goro. Na ce a raina an gama. Sai na buɗe jaka na zaro metir.

"Mene ne wannan?"

"Iya, tsayin gadon zan auna, da daga gwiwarki zuwa ƙasa."

"Gwiwata? Likkafani aka aiko ki ki yanka, ko ɗakin aka yi ciniki?"

Na fara bayani, ta ɗaga mini hannu. "'Yar nan, darajar kakarki kika ci. Naɗe abinki. Ki gaida Salifu, ki ce masa na ga saƙo."

A tsakar gida Maman Rashida, wata 'yar haya mai saida koko, ta ja ni gefe tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Madam, ke ma dai! A layin nan in aka ga metir, an san gida ya tafi. Gidan can na kusa bara aka auna shi, yau magaza ne, ɗakin ajiyar kaya, buhunan shinkafa ke kwana a ɗakin mai gidan." Ita ta gaya mini Alhaji ya gina gida a Sèmè-Kpodji, can wajen gari, ya ware wa uwarsa ɗaki mai banɗaki a ciki, ta ce ko gawarta ba za ta je ba. Ita kuma ta gaya mini 'yan kasuwar Tokpa sun daɗe suna zawarcin ɗakunan gaban gidan nan, don bakin titi ne. A kan zem, wato babur ɗin haya, ina komawa gida abin ya haɗu a kaina. Alhaji ba gyaran ɗaki yake nema ba, sheda yake nema, malamar jami'a da za ta ce a gaban dangi tsohuwa ba za ta iya zama a nan ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ba ni da wani gidan, lokaci kuma na tafiya.

Na koma ba metir. Na riƙa zuwa da yamma bayan na tashi aji, in kai mata goro, in zauna. Awon da jikina na yi shi. In na zauna gefenta a gado, na san inda katifa ta kai ni. In na tsallaka dokin ƙofa, na san inda ya taɓa ƙafata. Tambaya kuwa duk wadda na yi, amsa ɗaya ce. Kin taɓa faɗuwa? Allah ya kiyaye. Salla fa? A tsaye, tun ina budurwa. Banɗaki? Da ƙafata, wa zai kai ni? Amma na lura ban taɓa ganin ta miƙe a gabana ba. Ko buta take so, sai ta ce, "'Yar lakwal, 'yar boko, miƙo mini, ai ku ba a aikenku a gida." In lokacin salla ya yi, sai ta tuna mini cewa gada na cunkushewa da yamma, gara in kama hanya.

Wata rana rana ta faɗo ta ƙofa ta haska bangon da ke jikin zaure, sai na ga abin da duhu ya ɓoye mini. Wani layi ne baƙi-baƙi a jikin fentin, daidai ƙugu, daga kan gado har bakin ƙofa. Sawun tafin hannu ne da man kaɗanya, an daɗe ana bi. Kusa da ƙofa, inda ake tsallaka doki, ya yi faɗi ya yi duhu, har da shatin yatsu. Wato da bango take tafiya. Na juyo, ashe ita ma ni take kallo.

Da na dawo, an wanke bangon. An dirje shi da soso har fentin ya koɗe, layin baƙi ya koma layi fari, ya ma fi fitowa. Na tambayi Maman Rashida ko ita ta wanke, ta ce ita ba a ko kira ta ba. Wato tsohuwar nan ita kaɗai ta ja kujera 'yar tsuguno, ta bi bango da ruwan sabulu a kan wannan karo mai santsi, don kada in kai rahoto. Tsoron da take yi mini ya kusa karya ta.

A makon ne Alhaji ya kira ni, wai dangi za su zauna ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Baba Idi, ƙanin marigayi mijinta, shi ne babba, shi ke yanke magana. Hajiya tun kafin kowa ya iso ta riga ta fito ta zauna a kujera, ta sha ado, kamar mai jiran baƙin biki. Alhaji ya gabatar da ni da muƙaman da ko rabinsu ban kai ba, sannan ya ce, "Malama, tsakaninki da Allah, ɗakin nan akwai haɗari ko babu?"

Na ce, "Akwai."

Hajiya ba ta motsa ba, carbinta ne kawai ya tsaya. Na ci gaba da sauri, na ce dokin ƙofa ya yi tsawo, ɗakin ya yi duhu, karon kuma na da santsi. Da na ambaci karo fuskar Alhaji ta canja, ashe shi ya sa mata da ya dawo daga Makka. Na ce duka ana iya gyara su tana cikin ɗakinta, ba sai an kai ta ko'ina ba.

"To ita kanta fa?" in ji shi. "Ƙafafunta. Kina zuwa kullum. Tana tafiya ba ta riƙe komai?"

Nan ne wurin. In na ce tana bin bango, an gama, sai Sèmè. In na ce lafiyarta lau, na yi ƙarya gaban manya, kuma ranar da ta faɗi da hannuna a ciki. Na ce, "Alhaji, ni ba likita ba ce. Ɗaki na karanta, a kan ɗaki zan yi magana."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa direban da ya ce mai ya tsiyaye a hanya. Baba Idi ya yi gyaran murya ya ce, to, a gyara ɗaki, a bar Yaya a wurinta har damina ta wuce. Amma in ta faɗi ko sau ɗaya, ko aka ga ƙafa ta gaza, ba sauran gardama, Salifu ya ɗauki uwarsa. Aka shafa fatiha.

Bayan an watse na taimaka mata ta koma ciki, karo na farko da ta yarda ta dafa ni. Nauyinta duk a kafaɗata yake. Kada ku ɗauka godiya ta yi. Tana zama ta ce, "Me ya hana ki faɗa? Me kike nema a wurina?"

Na ce, "Iya, abin riƙewa nake so in kafa miki a bangon nan."

"Ƙarfen asibiti? Irin na ɗakin da ya gina mini? Kin ji abin da Idi ya ce. Ranar da aka ga ƙarfe a bangon nan, ranar za a naɗe mini tabarma. Ashe dabara kika canja."

Gaskiyarta ce. Ina zaune ina kallon igiyar zannuwan nan da ta lanƙwashe, sai na ce, "To in igiyar nan ta tsufa fa? In na kawo miki gora mai kauri, aka kafa ta daga gado zuwa ƙofa, kika rataye zannuwanki da sallaya a kai?"

Ta dubi igiyar, ta dubi farin layin bango. "A can sama ake rataye zane."

"Na masu tsawo ke nan. Ke daidai ƙugu za ki fi jin daɗin ɗauka."

Can ta ce, "Ba a takardarki ba, ba a bakinki ba. Ko Salifu, ko Idi, ko malaman nan masu baƙar riga na lakwal ɗinku. In na ji a waje, ban yafe ba." Na yi mata alkawari.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Dokin ƙofa muka bar shi saboda ruwa, muka yi masa matakala masu faɗi ciki da waje da tsofaffin bulon da ke jibge a bayan gida. Karo ba mu fasa ba don kada a ce an raina kyautar Alhaji, tabarmar kaba muka shimfiɗa a hanyar da take bi, aka danne gefunanta da katako. Aka cire kwano ɗaya a rufi aka sa mai shigo da haske, aka janye akwatuna daga taga. Gorar kuwa na sa kafinta ya huda bangon nan gaba ɗaya, ya ɗaure ta da manyan noti har suka fito ta cikin zaure. Yana yi yana mita, wai zane nawa ne da tsohuwar nan da za a yi masa ɗaurin gada. Na rataya a jikinta da duk nauyina kafin in sallame shi.

Damina ta zo da ƙarfinta, ruwa ya kwanta a layin har zem ba ya shiga. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara na ga lambar Maman Rashida, sai gabana ya faɗi. Hajiya ba ta faɗi ba. Alhaji kuma duk zuwan da zai yi sai ya tsaya ya ƙare wa ɗakin kallo, ya gaishe ni sama-sama. Na tabbata kuskure yake nema.

Sai ranar kare tez. Kun san a nan taron buɗe yake, dangi na zuwa da abinci. Ina shiga zauren na hango Alhaji Salifu a layin gaba cikin babbar riga, ni kuwa ban gayyace shi ba. Na nuna hotunan ɗakin, matakala, tabarma, haske. Ɗaya daga cikin alƙalan, wata farfesa da aka gayyato daga waje, ta sa aka dawo da hoton bango. Ta ce, "Madam, kin cika mana kunne da tsofaffi, amma ɗakin tsohuwa ba abin riƙewa ko ɗaya? Kin samu bango guda kin mai da shi shanyar zane? Ɗalibin shekarar farko ba zai yi wannan ba."

Amsar tana bakina. Abin da na fi alfahari da shi a duk aikin ke nan, ga shi a hoto an lulluɓe da atamfa. Na dubi Alhaji, ya kafe ni da ido. Na ce, "Na karɓi gyara, Farfesa." Aka ba ni doktora, amma ba da yabon da na sa rai ba, kuma wannan ya ja mini jinkiri kafin in hau mataki na gaba. Farfesana ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata da kyau. Na yi kuka a banɗakin sashen nan, wancan na ƙarshen baranda, in kuna son sani.

Hajiya ta ƙara shekaru a ɗakinta. A kan gadonta ta cika, bayan gajeriyar jinya, maƙwabtan da ta tsufa da su suna kewaye da ita. Da na je gaisuwa bayan an yi addu'ar arba'in, Alhaji ya ce in zo in ga wani abu. Ya shiga da ni ɗakin, an kwashe komai, saura gorar. Ba zane a kanta yanzu. Ta yi baƙi, ta yi sumul, tana ƙyalli daga gado har ƙofa.

Ya kama ta ya jijjiga, ko motsi. Ya ce, "Malama, ni da mota nake kwana nake tashi. Tun ranar da na ga kan notin nan a zaure na san ba zane aka ɗaura wa ba."

Na ce, "To me ya hana ka magana? Ga Baba Idi, ga sharaɗi."

"In na yi magana za ta daina riƙewa." Ya shafa gorar da tafin hannunsa. "Ranar taronku ma zuwa na yi in ji ko za ki tona ta. Da kin faɗa, kafin la'asar labari ya iso Zongo."

Shekaru ina yi wa mutumin nan kallon mai jiran uwarsa ta zame. Muka fito tare, idona ya cika da hawaye. A ƙofar gida kuwa sai na yi tuntuɓe da tarin yashi, ga buhunan siminti an jera a zaure, ga wani da metir yana auna bangon da ke kallon titi. Alhaji ya ga inda nake kallo, bai ji kunya ba, bai kuma yi bayani ba. Ya dai ce wa magina kada wanda ya taɓa gorar, shi zai kwance ta da hannunsa.

Har yau in kuka tambaye ni wanne ne Alhaji Salifu, mai son ɗakin ko mai son uwar, zan ce muku duka biyun na gani da idona, a rana ɗaya. Abin da na ɗauka daga gidan nan shi nake so ku riƙe. Tsohon da ya yi muku ƙarya ba raina karatunku ya yi ba, akwai abin da za a ƙwace masa in ya faɗi gaskiya, ku fara gano mene ne. Wanda ya kawo ku gidan ma ku tambayi kanku me zai yi da bakinku. Shi ya sa a sashen nan ba na barin ɗalibi ya zaro metir a zuwan farko. Ku gaisa, ku zauna, ku dubi bango kafin a yi masa fenti, kuma kada ku bari mai ɗakin ta ga kuna dubawa.